Kurma a Gidansa

Raina harshen garin da ke ciyar da kai butulci ne. A tashar bas a Bengaluru, can ƙasar Indiya, na ji wani mutumin Delhi yana yi wa wata tsohuwa ƙorafi.

"Mama, wai dole 'ya'yana su koyi Kannada, yaren mutanen nan, a makaranta! Ni da na yi furfura a garin nan, ko gaisuwarsu ban koya ba."

"Sannu da ƙoƙari. Yaran sun ƙi ne?"

"Ina fa! Da shi suke hira wajen cin abinci, su kalle ni su tuntsire da dariya."

"Uwarsu ba ta tsawata musu?"

"Ai ta fi su dariya. Su suka koya mata."

Haka zai ci gaba da cin gurasarsa ta capati, kurma a gidansa.