Ku Dawo wa Babana da Ƙarar Ruwansa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban Ƙungiyar Masu Lambu da Tafkin Kifi. Mai girma mataimakiyarsa. Sakatare da ma'aji. Iyayenmu dattawa da ke jere a sahun gaba. 'Yan kwamitin gyara, ƙarƙashin jagorancin Kawu Mai Famfo. Baƙin da suka taso daga wasu ƙungiyoyi. 'Yan'uwa maza da mata da kuka cika ɗakin nan har wasu na tsaye a bakin ƙofa: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina kuma yi muku barka da yamma.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce babbar 'yar mutumin da kuke kira Baban Tafki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan. Ni tela ce, kuma kafin watan nan ban san kifi ba sai a tukunya. A takardar shirin taro an rubuta cewa zan yi jawabin godiya a madadin iyali, kuma zan yi, domin kun cancanta. Sai dai ina roƙon mai girma shugaba ya ajiye kofin kyautar nan a kan tebur tukuna, kada a miƙa wa kwamiti sai na gama. Ga kujerar Baba can a gaba, babu kowa a kai. An ce muku ba ya jin daɗi. Jama'a, ba mura ba ce.

Bari in fara da godiyar. Lokacin da Baba ya tafi wajen ƙanwata da ta haihu, kun haɗa kai kun zo gidanmu domin ku yi masa ba-zata. Kun kwashe lakar da ta taru a ƙasan tafkin, kun cire tsohon duronsa shuɗi mai cike da tsakuwa da soso da gawayi, wanda ya daɗe yana tace ruwa da shi, kun sa sabon inji da sabuwar matata, kun binne bututu a ƙasa ta yadda ko alamarsa ba a gani. Na ga dattawa da wando a naɗe har gwiwa, na ga mataimakiyar shugaba tana ɗaukar bokiti. Kawu Mai Famfo ma ya tsaya ya yi mini bayani, ya ce: "'Yata, ruwa in ya shiga inji ta wannan gefe, sai ya dawo ta can tsallake, don ya zagaya tafkin duka, kada wani lungu ya kwanta ya yi gansakuka." Na gyaɗa kai, kuma har yanzu ban ce ya yi ƙarya ba. Ruwan ya yi garau, har tsakuwar ƙasa kana ƙirgawa. Allah ya saka muku da alheri, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

To, yanzu ku ji abin da ya biyo baya.

Kowa a nan ya san ciwon suga ya cinye idon Baba shekaru da dama. A waje yana riƙe sanda, amma a cikin gida ko ka ajiye masa ita a hannu sai ya jingine ta, ya ce shi a gidansa ba baƙo ba ne. Ranar da ya dawo, kun zo kun tarbe shi. Aka riƙo hannunsa aka kai shi kan bencinsa na bakin tafki, ana tafi, ana dariya, kowa na magana a lokaci ɗaya. Aka gaya masa an sa sabon inji, aka gaya masa an sa sabuwar matata, aka gaya masa ruwa ya yi kyau. Abu ɗaya ne ba a gaya masa ba, domin babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai: wurin da ruwa ke zubowa ya tashi daga kusa da benci ya koma tsallaken tafki.

Washegari da safe ina ɗakin gaba ina taka keken ɗinki, sai na ji maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, tana ƙwala mini kira daga saman bene inda take shanya. Irin kiran nan da tun kafin ka ji maganar gabanka ya riga ya faɗi. Na fita a guje ba takalmi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, na tarar da babana tsaye a tsakiyar tafki, ruwa har ƙugu, hannunsa na hagu yana lilo, gwangwanin abincin kifi ya kife a kan ruwa, kifayen sun yanyame shi suna ci abinsu. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Yana tsaye kawai yana juya kai hagu da dama. Da ya ji motsina sai ya ce: "Wace ce? Ke ce? 'Yar nan, ta ina gida yake?"

Ta ina gida yake! Mutumin da ya haƙa ramin nan da hannunsa tun ina firamare, mutumin da ya jera kowane dutse na bakinsa, shi ne yake tambayata ta ina gidansa yake, ƙofar kicin kuwa tana nan bayansa a buɗe. Ni kaɗai ban iya fito da shi ba. Sai da Maman 'Yan Biyu ta zagayo muka ciccibo shi tare.

A asibiti aka ce wuyan hannun ya karye, aka ɗaure. Muna zaune a benci muna jiran magani na ce: "Baba, ya aka yi? Santsi ne?" Ya ce: "Ba santsi ba ne. Ni ai ba ƙasa nake bi ba, ruwa nake bi. In na fito ƙofar kicin sai in sa ƙarar a gabana, in yi ta tafiya har in ji ta a ƙafata, sai in tsaya, benci na hannun dama. In na ba ta baya, ga ƙofa. In ta koma kunnen hagu, ga bishiyar lemo. Yau ma ita na bi. Na ji ta yi nisa kaɗan, na ce ko kunnena ne ya fara tsufa."

Ni da na girma a gidan, ni da nake ganinsa kullum yana ratsa filin nan kai tsaye kamar mai ido, ban taɓa tambayar kaina da me yake gane hanya ba. Na ɗauka sabo ne kawai. Mu iyalinsa ba mu sani ba, ku abokansa ba ku sani ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba, don a wurinsa ba abin faɗa ba ne. Kawu, na ga ka sunkuyar da kai. Don Allah ɗago, ban zo nan don in kunyata kowa ba.

Amma na zo da magana uku, kuma ina roƙon a saurare ni, ko da yake ni ce mafi ƙarancin sani a ɗakin nan.

Ta farko: ƙarar ruwa ba aibi ba ce da za a gyara. Na ji yadda ake yabon sabon injin, wai ba ya ƙara, wai sai ka kasa kunne kake sanin yana aiki. To tsohon duron surutu gare shi, kuma da surutun nan Baba yake kula da tafkinsa. In zubar ruwan ta sirance, ya san soso ya toshe. In ta fara ɓulɓul tana yankewa, ya san ruwa ya ragu, inji na shaƙar iska. In ta yi tsit, ya san ko an ɗauke wuta ko ganye ya toshe bakin bututu, sai ya laluba ya cire kafin kifi su fara hawowa sama suna haki. Yanzu kuwa, da na buɗe littafin sabuwar matatar don in ga yadda mutum zai gane ta toshe, kun san abin da na gani? Wata 'yar fitila ce ja za ta kama. Fitila, jama'a! Ga mutumin da rabonsa da ganin hasken rana tun jikokinsa ba su zo duniya ba. Na karanta layin nan, na sake karantawa, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ta biyu: matata ta mai wanke ta ce. Tsohon duron muni gare shi, na yarda, ni kaina na sha cewa a jefar. Amma Baba yana buɗe shi da hannu ɗaya, ya zaro soson, ya ɗauraye shi a bokitin ruwan tafki, ba na famfo ba, don ya ce maganin da ke cikin ruwan famfo yana kashe ƙananan halittun da ke cinye dattin kifi. Ya mayar, ya rufe, bai nemi kowa ba. Sabuwar tana binne a ƙasa, murfinta da 'yan maɓallai, sosonta kala-kala, wai shuɗi a fara sawa, sannan baƙi, sannan kore. Ta fi tace ruwa, babu musu. Amma ta ƙwace wa tsoho aikin da ya rage masa a duniya wanda yake yi shi kaɗai ba tare da ya ce wa kowa don Allah ba.

Ta uku gajeriya ce. Ku yi wa mutum ba-zata da riga, ku yi masa ba-zata da kyauta, amma kada ku yi masa ba-zata a hanyar da yake takawa. Kafin a taɓa bututu ko a matsar da dutse a tafkin kowa, a zaunar da mai shi a tambaye shi abin da yake yi da kowane abu, har wanda muke gani tarkace ne. Ina roƙon sakatare ya rubuta wannan a dokokin kwamiti.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Tun ranar nan Baba bai sake taka filin da tafkin yake ba. Yana zaune a ɗaki, taga a rufe, sanda a kan cinya, a cikin gidan da ya ce shi ba baƙo ba ne. Ko banɗaki sai an raka shi. Shekaranjiya na ji shi a waya da mai tifar yashi, ya ce a kawo ranar Asabar a cike ramin. Ya ce kifayen a raba muku, kowa ya ɗauki wanda yake so. Na ce: "Haba Baba, tafkin naka?" Ya ce: "Abin da ba zan iya zuwa wurinsa ba ai ba nawa ba ne." Kuma kada ku ce fushi yake yi da ku. Da fushi ne da na ji sauƙi, don fushi yana wucewa. Tsoro yake ji, babana da ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba.

Yau da safe, kafin in taho nan, na yi wani abu da ko ni ban san dalilin yinsa ba. Na kashe sabon injin, na cika babban bokiti, na tsaya daidai inda tsohon bututun yake a kusa da benci, na riƙa tsiyayar da ruwa cikin tafkin a hankali. Ban kira shi ba. Ina cikin haka sai na ji ƙofar kicin ta motsa. Na ɗaga ido, ga Baba a bakin ƙofa, hannu a ɗaure, kai a karkace yana saurare. Sai ya ce: "Ɗaga hannunki kaɗan. Ba haka yake faɗowa ba." Na ɗaga. Ya ce: "Yauwa." Jama'a, ya jingine sandar a jikin bango, ya sauko da ƙafa, ya fara tahowa. Yana tahowa, yana tahowa, ni kuma ina hawaye, ina kallon ruwan bokitin yana ƙarewa. Bai kai rabin fili ba ruwan ya ƙare. Nan take ya tsaya cak, ya miƙa hannu cikin iska, babu bango, babu benci, babu komai. Sai da na ajiye bokitin na je na riƙo shi na mayar da shi ɗaki.

Mai girma shugaba, iyayena, 'yan'uwana, ba zan iya tsayawa da bokiti har ƙarshen rayuwarsa ba. Ku kuwa kuna da inji, kuna da bututu, kuna da sani. Ban ce ku tone aikinku duka ba. Ku bar abin da ya dace, amma ku jawo bututu guda ku dawo da shi bakin benci, ku ɗora matatar a inda hannunsa zai kai, ku yi wa soson alamar da yatsa zai gane. Kuma in kun zo kada ku tambaye ni ko ya yi daidai, don ban sani ba. Ku zaunar da shi a bakin ƙofa, ya ce muku ku ɗaga ko ku sauke, har sai ya ce yauwa. Mai yashi zai zo Asabar da hantsi. Ina roƙonku, don girman Allah, ku riga shi zuwa.

Allah ya saka wa kowa da alheri bisa niyyarsa ta alheri. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ɗora wa Baba hannunsa, ya cire masa tsoro daga zuciya. Allah ya albarkaci lambunanku da iyalanku, ya kare mu daga cutar da wanda muke ƙauna ba da saninmu ba. Allah ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna mana Asabar.

Na gode.