Takarduna Sun Cika, Fushina Ya Karya Kafaɗar Mutum

'Yan'uwana a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Sunana Bitrus. Ni mutumin Cholire ne, amma a nan Garwa na yi yawancin aikina na ɗan kwana-kwana, mu da kuke ce wa pompiye. Ku yi haƙuri in kun ji muryata ta ɗaga, domin akwai abin da har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

A aikinmu, duk motar da za ta fita kashe gobara tana da shef. Shi ke duba wuta ya ce a shiga ko a ja baya, kuma rayukan mutanensa suna hannunsa. Ba a ba mutum wannan matsayi haka kawai. Sai ka yi shekaru a aiki, ka kawo takardar makaranta da ta taimakon gaggawa. Likita zai duba ƙirjinka da idonka. Za ka yi gudu, ka hau igiya, ka ɗauki mutum a kafaɗa ka sauko da shi daga tsani. Kada a sami hukunci a kanka, kuma kada shekarunka su wuce iyakar da aka yanka. In duk sun cika, sai a tura ka horo, ka zauna jarrabawa.

Duk ina da su, 'yan'uwa! Babu ɗaya da na rasa.

Na haɗa takarduna, abin da muke ce wa dosiye, na miƙa. Bayan wata huɗu aka dawo mini da shi. Wani magatakarda ya ɗora yatsa a kan takardar haihuwata, ya ce, "A nan an rubuta Pierre. A takardar makaranta kuma an rubuta Bitrus. Mutum biyu ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, suna ɗaya ne. Wanda ya rubuta ta haihuwa da Faransanci ya rubuta, malamin mishan kuma ya rubuta yadda uwata ke kirana."

Ya ce, "Ni takarda na sani."

Takarda ya sani! Ranar da na shiga ɗakin da ke ci da wuta na fito da tsohuwa a bayana, wa ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya tambaye ni ko Pierre ne zai shiga ko Bitrus?

Na bi kotu da ofisoshi har na samo shaidar cewa mutum ɗaya ne. Kafin nan an rufe karɓa. Shekara ta zagayo na sake miƙawa, aka ce dosiyen ya ɓata a hanyar Yawunde. Ya ɓata, shi ke nan, ko sannu ba wanda ya ce mini. Lokacin nan kuwa ƙasa tana cikin matsi, guraben horo kaɗan ne, sai a yi shekara ba a buɗe ba.

Ana cikin haka aka tura Dawuda horo, wani abokin aikinmu ne ɗan Yagwa. Ni na koya masa riƙe tiyo da ɗaura igiya. Ya tafi, ya ci jarrabawa, ya dawo shef ɗin motar da nake ciki.

Daga nan na lalace. Ba zan ɓoye muku ba. Da na tashi daga aiki sai gidan bilbil, giyar dawa da kuka sani. Na daina zuwa sujada. Na ce in Allah yana ganin abin da ake yi mini ya yi shiru, to ni ma zan yi masa shiru. Matata Rahila ta ce, "Baban Hannatu, mu ne muka ɓatar maka da takarda? Me ya sa mu kake yi wa tsawa?" Na ce ta rufe mini baki. Wayyo, matar nan ta sha wuya a hannuna!

Wata ranar Talata da azahar aka kira mu, wani rumbun ajiyar auduga ya kama da wuta. Giyar jiya ba ta gama sakina ba. Na ja tiyo na shige ciki. Dawuda ya dubi rufin ya ga katakon ya soma lanƙwasa, ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya fito! Yaya Bitrus, ja baya!"

Na ji shi sarai. Na juyo na ce, "Kai ne za ka koya mini wuta?"

Na ƙara taku uku ciki. Shi kuwa bai tsaya gardama ba, ya shigo ya cafke ɗamarata ya fizgo ni. Muna kai bakin ƙofa katakon ya sauko. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. A kafaɗarsa ya sauka.

Washegari na je asibiti, na tsaya a bakin gado na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Yaya, zan rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Ba zan yi ƙarya ba. In na rufa maka, gobe wani ne zai mutu."

Kun san abin da na yi? Haushinsa na ji! Mutum kwance da karyayyiyar kafaɗa saboda ni, ni kuma ina cewa ya ci amanata. Ku dubi inda fushi ya kai ni.

Aka yi mini hukunci, aka rubuta a dosiyena. Sai na yi shekara biyu babu laifi kafin in sake nema, kuma daga nan shekara ɗaya ce kawai za ta rage mini kafin in wuce iyaka.

Ranar Lahadi da la'asar Baba Ishaya, dattijon ikilisiyarmu, ya zo gidana. Rahila ce ta kira shi. Ya zauna a gindin dalbejiya, ya bar ni na zazzage masa komai. Na lissafa masa sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, ina buga ƙirji ina cewa wanne na rasa.

Ya ce, "Ɗana, an cuce ka. Wannan gaskiya ce, ba zan ce maka ba a cuce ka ba. Amma in tambaye ka. Da ɗanka ne a motar nan ranar Talata, za ka so a ce kai ne shef ɗinsa?"



Ya ce, "Durƙusa."

Na durƙusa a ƙasa, a tsakar gidana, matata tana kallo. Na buɗe baki in yi addu'a, sai kuka ya zo. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Yesu, na kusa kashe mutum. Ka cire mini wannan abu daga ƙirjina, ni na kasa." Baba Ishaya ya ɗora hannu a kaina yana roƙo. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na miƙe, nauyin da na yi shekaru ina ɗauke da shi ya sauka. Halleluya!

Ba zan ce muku sha'awar giya ta tafi a ranar ba. Watanni na yi ina canza hanya don kada in bi ta ƙofar gidan bilbil. Amma ban sake kai ta bakina ba. Na roƙi gafarar Rahila. Na koma wurin Dawuda na roƙi tasa. Da ya dawo aiki na tsaya a gaban kowa na sara masa, na ce, "Shef, ina jiran umarninka."

Shekara biyu suka cika. Aka buɗe gurbi, kuma shi ne na ƙarshe a gare ni. Na haɗa dosiye. Dawuda ya ce, "Kawo nan. Wannan karon ba zai ɓata ba." Ya nemi hutu, ya hau mota zuwa Ngaundere, ya shiga jirgin ƙasa, ya kai shi Yawunde da kansa. Har yau hannun nan nasa ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, da shi ya rungume takarduna.

Likita ya duba ni, ya ce lafiya lau, duk da abin da na zuba wa cikina. Na yi gudu da waɗanda na girma da shekara goma, ban zo na ƙarshe ba. Na ci jarrabawa. Yau shekara shida ina fita da mota a matsayin shef, kuma duk wanda ya fita tare da ni ya koma wurin iyalinsa da ƙafarsa. Ubangiji ne ya yi, ba ni ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce wulaƙancin da aka yi mini daidai ne. Ba daidai ba ne! Masu zama a ofis suna wasa da shekarun mutane, Allah yana ganinsu. Amma kai da aka danne maka haƙƙi, ina roƙonka, kada ka kai fushinka gidan giya, kada ka sauke shi a kan matarka ko a kan wanda bai ci maka komai ba. Ka kai shi gaban Yesu tun kafin wani ya ji ciwo a madadinka. Yana ji, kuma yana amsawa.

Na gode wa Allah da ya tsamo ni. Ku taya ni yi masa godiya, ku kuma sa Dawuda a addu'a saboda hannunsa. Amin.