Waken Inna Ashatu da Na Jikin Shinge

A tashar motar Sabo, Inna Ashatu mai ƙosai ta ga saurayin da ke zaune kusa da ita a mota sanye da rigar ma'aikatan gonar bincike. Nan take ta kwance ƙullin wake.

"Ɗan nan, ku ne masu sabon iri? Duba! Fari tas na shuka bara, na ajiye iri, bana ya fito ƙanana, dabbare-dabbare. Masu sayen ƙosaina sun fara guduna."

"Inna, akwai waken daji kusa da gonarki?"

"Yana nan jikin shinge, awaki na so."

"To, ƙudan zuma ne ya kwaso garin furensa ya kai wa naki, suka haɗa jini."

"Ba goro, ba shaidu? Ku kuna ina?"

"Mu ma har raga muka kafa, ya shiga. Abin da ke tsorata mu ke nan da irin da Turawa ke sauya wa halitta, kada shi ma ya haɗa jini da na daji."

"Da duk bokonku! To ni yaya zan yi?"

"Ki tsince fararen, su za ki shuka."

Ta juye masa waken a cinya.

"Ungo, idona ba ya gani. Motar ma ba ta cika ba."