Hukuncin da Kawu Hodi Ya Yanke Mini a Argungu

Assalamu alaikum.

Shugaban taro, iyayenmu malamai, alƙalan wasan besbol da za a yaye yau, jama'ar Birnin Kebbi maza da mata, ina gaishe ku. Ina godiya da aka ba ni, ni Musaddiq, damar magana a madadin iyalan marigayi Malam Hodi, kawuna, wanda ya koya wa yawancinmu wannan wasa.

Abu na farko doka ce. In mai jifa ya yi jifa huɗu da suka kauce, mai bugu zai taka zuwa tasha ta farko, ba mai taɓa shi. Wanda ya tarar a can zai matsa gaba, domin an ture shi. Amma wanda ba a ture ba, ba a ba shi komai ba. In ya bar tasharsa, kasada ya yi: in aka taɓa shi da ƙwallo, ya fita.

Abu na biyu shi ne yadda na koyi dokar. A wasan ƙarshe tsakanin Gulma da Badariya, a Argungu, ni ɗan wasan Gulma ina tasha ta biyu, ta farko ba kowa. Aka yi wa mai bugunmu jifa na huɗu da ya kauce. Na kama hanyar ta uku ina tafiyar ƙasaita, ina ɗaga wa mutanen Gulma hannu. Sai na ji ƙwallo a kafaɗata.

Kawu ne alƙali. Ya ce, "Ka hita!"

Na ce, "Kawu, ni na hwa!"

Ya ce, "Na san kai na, ɗana. Wa at ture ka?"

Da fitata wasa ya ƙare, kofi ya tafi Badariya.

Jama'a, shekara biyu ban taka gidansa ba. Ya aiko, ban je ba. Ya zo da kansa har gonar albasata, na sunkuya ina ban ruwa har ya juya. Da na ji ya kwanta ciwo na ce sai bayan girbi. Ranar da na tashi zuwa, a hanya na gamu da masu dawowa daga maƙabarta. Matarsa, Inna Baiwa, ta ce kullum yana tambaya ko na huce.

Ku sabbin alƙalai, za ku yanke hukunci a kan waɗanda kuke ƙauna, ku yanke. Ku 'yan wasa, in an fitar da ku, ku gaisa da alƙali kafin ku bar fili.

Allah Ya jiƙan Malam Hodi, Ya yafe mini haƙƙinsa, Ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.