Ɗa Mai Ladabi

Ina zaune a bencin da ke ƙofar ɗakin hoton ƙirji. Wani direban tanka rungume da jaririya ya matso kusa da wani dattijo mai numfashi da ƙyar.

"Baba, ko da ashana a jikinka?"

"A asibiti? Ɗana, ai sigari ce ta kawo ni nan. Tun ina saurayi nake busawa."

"Ni ba mashayi ba ne, damuwa ce kawai. In na dawo daga hanya ban runtsa ba, ita kaɗai ke kwantar min da kai."

"Haka nake cewa ni ma. Yanzu ko matakala ba na iya hawa."

"Ai ni da kunyata, Baba. Gida ɗaya muke da mahaifina, bai taɓa jin warinta ba. Sai na shiga ɗaki, na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma."

"Madalla da ɗa mai ladabi. Ƙirjinka za a ɗauka ke nan?"

"Ni garau nake. Mai ɗakina na kawo. Tun bara take tari, jiya har da jini. Ita da ko hayaƙin girki ba ta so!"

"In ka rufe tagar, ita tana ina?"

"Tana ciki mana, tana shayar da jaririya. Ɗaki ɗaya gare mu, ina za ta?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Can wata nas ta leƙo.

"Ina mijin matar nan? Likita ya ce ka shigo. Ka taho da jaririyar ma."