Gobe Kada a Tashe Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makarantar da ta ara mana wannan ɗaki, iyayenmu maza da ke jere a gaba, iyayenmu mata da suka baro aikin gida suka zo, Baba Saje, tsohon sojan da ya kwashe watanni yana kora mu a filin ƙwallo har ƙafafunmu suka daina jin maganarmu, shugabannin ƙungiyar matasan unguwa, 'yan'uwana da za mu hau mota gobe zuwa sansanin horo, ko kuwa in ce waɗanda za su hau, da sauran jama'a, na ciki da masu leƙe ta taga, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, ina gaishe ku gaisuwar ƙane ga yayyensa.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro na ban kwana, ina godiya ga waɗanda suka jera kujeru, ina godiya ga wanda ya ɗora lasifika a kan katanga domin na waje su ji. Shi kam godiyarsa ta musamman ce, kuma za ku gane dalili nan gaba.

An zaɓe ni in yi magana a madadin mu da muka tsallake tantancewar shiga soja. Wallahi ban san me ya sa aka zaɓe ni ba. Sakataren ƙungiya ya ce wai ni ne na fi natsuwa. Jama'a, ba natsuwa ba ce, rasa abin faɗa ne. Ya ce in tsaya a kan abubuwa uku: in yi godiya, in yi alkawari, in ba ƙannenmu shawara. Godiya na yi ta. Sauran biyun kuwa tun jiya nake juya su a kaina, sun ƙi zama wuri ɗaya, don haka ku yi haƙuri da ni in kun ga na farko ya koma na uku.

Abu na farko, shawara ga ƙannenmu. A'a, wannan na ƙarshe ne. To, shi ke nan, tunda ya fito bari ya tafi. Ana so in gaya muku yadda mutum ke shirya kansa ya shiga soja. Ni ban shirya ba. Wanda ya shirya, duk kun san shi, yayana ne, mai walda, wanda shagonsa ke tsallaken titin nan. Ku ɗan yi shiru. Kun ji wannan ƙarar injin? Shi ne. Bai zo taron nan ba, yana can yana haɗa ƙofar wani.

Babu wanda ya girma a unguwar nan bai san sunan da ake kiransa ba: Kyaftin. Tun yana yawo da gajeren wando yake jera mu a bakin rariya, ya ba mu karan da muke saɓawa a kafaɗa, ya yi ta ba da oda har muryarsa ta dushe. Shi ne ya san kowane muƙami da alamarsa, shi ne ya san bambancin sojan ƙasa da na sama da na ruwa, shi ne ya je har gida ya roƙi Baba Saje ya fito da usur ɗinsa ya horar da mu. Ni kuwa sunana a unguwa Wutsiya, domin duk inda ya sa ƙafa, in kun duba baya, ina nan.

Ko gudun asuba da ake yabona a kai, ba ni nake tashi ba. Ina faɗa a gaban Inna, ga ta can zaune, ta ƙaryata ni in ƙarya nake: tun da aka haife ni ban taɓa tashi daga barci da kaina ba. Yaya ne ke fizge bargo, in na ƙi ya ja ƙafata, in na sake ƙi ya ɗebo ruwa a tafin hannu. Yakan ce, “Tashi, malalaci, ni kaɗai gudu ba ya min daɗi.” Rakiya nake yi masa. Ranar tantancewa ma rakiya na yi masa. Ya ce tunda na zo in shiga layi kawai, kada in tsaya a rana kamar mai jiran bashi. Na shiga layi.

Mun yi gudu, ya riga kowa. Aka auna tsayi, aka auna ƙirji, aka duba haƙora, aka duba tafin ƙafa, duk ya wuce yana murmushi. Sai aka kai mu wani ɗaki mai allo a bango, da haruffa manya a sama, ƙanana a ƙasa. Aka ce ya rufe idon hagu ya karanta, ya karanta. Aka ce ya rufe na dama. Ina bayansa, ina kallon ƙeyarsa. Ya faɗi babban harafin sama, sauran kuwa ya kasa ganin su. Likitan ya haska masa fitila, ya tambaye shi, “Wane aiki kake yi?” Ya ce, “Walda.” Likitan ya ce, “Tun yaushe?” Ya ce, “Tun da mahaifinmu ya rasu.” Likitan ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa ƙofar fita. Ni kuma na karanta allon nan har layin ƙarshe, ban ma san ina karantawa ba.

Iyayena, a nan kaina ya ɗaure, kuma har yanzu bai kwance ba. Hasken waldar da ya ci idonsa, da shi aka ciyar da gidanmu, da shi na gama makaranta, da shi na samu na zauna a inuwa a kantin magani ina ɗaure wa mutane ciwo, idona garau. Wanda ya so abin da ransa an ce ya koma gida, wanda ya zo rakiya an ce ya shigo. To ku gaya mini, wace shawara zan ba ƙannenmu? In ce su dage kamar yadda ya dage? In ce su yi barci kamar yadda na yi? Abin da na sani kawai, duk mai walda a cikinku ya sa baƙin gilashinsa, ko da aikin na ɗan lokaci ne. Wannan ita kaɗai ce shawarar da na tabbata da ita.

Abu na biyu, alkawari. Ana so in tsaya a nan in ce za mu je, za mu jure, za mu kare ƙasa, ba za mu ba ku kunya ba. 'Yan'uwana da ke zaune a layin nan za su iya faɗa da bakinsu, kuma na yarda da su, domin na ga yadda suke gudu da ciwo a ƙafa ba su tsaya ba. Ni kuwa jakata tana gida, rabi a shirye, rabi a kan katifa. Da safe in saka riga a ciki, da rana in fitar da ita. Inna ta gaji da kallona. Na tambaye ta, ta ce, “In ka tafi zan yi kuka, in ka zauna zan yi kuka, ka ga ni ba ni da amfani a wannan shawara.” Na tambayi Baba Saje, ya ce soja ba ya tambaya. Na ce ai ban zama ba tukuna. Ya ce in ɓace masa da gani.

Sai na tsallaka titi na sami Yaya. Tun ranar da muka dawo bai yi min maganar da ta wuce sannu ba, kuma ya daina fizge min bargo, Inna ce ke tashina yanzu. Na same shi a durƙushe yana haɗa ƙarfe. Na jira ya ɗaga gilashi, na ce, “Yaya, na yanke shawara. Zan tafi saboda kai. Zan sa kakin nan a madadinka.” Na ɗauka zai ji daɗi. Wallahi na ɗauka zai rungume ni. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Kada ka kuskura. Can ana harbi da gaske. In wani abu ya same ka, Inna ta dube ni ta ce saboda ni ne? In za ka je, ka je don kanka. In za ka zauna, ka zauna don kanka.” Na ce, “To ni me nake so?” Ya ce, “Ni za ka tambaya?” Ya sauke gilashi ya ci gaba da aikinsa.

Jama'a, wa zan tambaya? Shi ya zaɓa min makarantar da na yi, shi ya kai ni kantin magani, ko askin da ke kaina irin nasa ne. Mutumin da ya saba kallon ƙeyar wani, yau an ce masa ya dubi hanya. Na duba, ban ga komai ba sai hanya.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abu ɗaya da ke dawo mini. Ranar gudun tantancewa wani yaro da ban sani ba ya faɗi a gabana, gwiwarsa ta fashe, jini har cikin takalmi. Kowa ya kewaye shi ya wuce, kuma ban ga laifin kowa ba. Ni na tsaya, na yage gefen rigata na ɗaure masa, na ɗaga shi muka ƙarasa tare. Yaya yana can gaba, bai gani ba, bai ce in yi ba. Wani jami'i ya kira ni gefe ya ce a soja akwai masu jinya, waɗanda ke shiga inda ake faɗuwa su ɗauko wanda ya faɗi, ya ce in an tambaye ni ɓangaren da nake so in tuna da wannan. Tun ranar, duk lokacin da na tuna, sai in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Amma ban sani ba, shin so ne, ko tsoro ne, ko kuwa daɗin yabo ne kawai ya ratsa ni. Ban taɓa son abu ni kaɗai ba, balle in san yadda ake ji.

Abu na uku, ko na huɗu, na daina ƙirgawa. Wannan ba ya cikin abin da sakatare ya ba ni, roƙo ne. Tun da sakamako ya fito, wasunku sun fara kirana Kyaftin. Na san da kyakkyawar niyya kuke yi. Shi kuma kun daina kiransa da sunan, kuna cewa mai walda, kuna sauke murya in kun zo wucewa ta shagonsa kamar gidan makoki. Don girman Allah ku daina. Duk wanda ke zaune a layin nan na masu tafiya, Yaya ne ya buga masa ƙofa da asuba, Yaya ne ya koma baya ya turo shi ranar da ya ce ya gaji, Yaya ne ya koya masa yadda ake numfashi a hawan tudu. In akwai wanda ya kai mutane inda za su, ko da shi bai shiga ba, shi ne. Ku mayar masa da sunansa. Ni Wutsiya ya ishe ni, na saba da shi.

Ku dakata. Kun ji? An kashe injin.

Mai lasifika, Allah ya saka maka da alheri, ashe tana kaiwa har shagonsa. To, Yaya, tunda kana ji, bari in faɗa maka abin da na kasa faɗa a shago. Ban roƙi idonka ya lalace ba, kuma da ana musanya, da tun a ɗakin likitan nan na ba ka nawa na hagu. Ka ce in je don kaina, ni kuma ban san inda kaina ya fara ba, ban san inda naka ya ƙare ba. Amma na samo hanyar da zan gane, kuma ina so jama'a su zama shaida.

Gobe mota za ta tashi da asuba daga bakin makarantar nan. Inna, kada ki tashe ni. Yaya, kada ka taɓa min bargo, ko da ka ga gari yana wayewa, ko da hannunka yana ƙaiƙayi. Malam direba, kada ka yi min hon a ƙofar gida. Abokaina, kada wanda ya buga min waya. In na farka da kaina, na ɗauki jakata na fito, to abin nawa ne, zan je in ce a sa ni cikin masu ɗauko wanda ya faɗi, kuma duk abin da ya same ni a can, babu mai cewa saboda wani ne. In kuwa rana ta fito ta same ni ina munshari, to kun san inda kantin magani yake, ku zo in ɗaure muku ciwo kamar kullum, kuma kada wanda ya ce min komai.

Ga shi can a bakin ƙofa, gilashi a goshi. A ba shi hanya. Baba Saje, don Allah a matsa masa a layin gaba. Dariya yake yi min, jama'a. Ya san barcina, shi ya sa. Yi dariyarka, Kyaftin, rabon da in ga haƙoranka tun ranar allon nan.

Allah ya kiyaye waɗanda za su tafi, ya dawo da su ga iyayensu da ƙafafunsu. Allah ya ba waɗanda za su zauna haƙuri da abin yi mai albarka. Allah ya sanyaya zukatan iyayenmu mata. Allah ya tsare wa yayana idon da ya rage masa, ya saka masa da abin da ya fi wanda ya nema. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, har a wayi gari masu jinya na soja su rasa wanda za su ɗauko. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma, in tafiyar nan alheri ce gare ni, Allah ya buɗe min ido a kan lokaci.

Na gode.