Layin Fansho Ya Watse, Ina Bitrus?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Garba, tsohon masinja, daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Ana ta cece-kuce kan dokar fansho da majalisar jiha ta yi, ni dai na gode Allah. Zamanin soja da kujerata nake zuwa bin layi. Yanzu kuɗina banki suke shiga, gwiwoyina sun huta.

Abu ɗaya ke damuna. A layin nake haɗuwa da Bitrus, mutumin Filato, shi ke riƙe mini wuri in na tafi sallar azahar. Ban taɓa tambayar gidansa ba, Tarauni kawai na sani.

Bitrus, in kana saurare, nemi gidan Garba Masinja. Kujerar tana nan, na ƙara ɗaya.